James Baldwin da Littafin da Aka Ce Ya Ƙone

Sai gari ya yi tsit James Baldwin yake fara aiki. In an gama cin abincin dare, baƙi sun watse, sai ya shige ɗakin rubutu, ba ya fitowa sai wajen ƙarfe uku ko huɗu na asuba. Talauci ne ya sabar masa da haka. A unguwar Harlem ta birnin New York aka haife shi a 1924, shi ne babba cikin 'ya'ya tara, uwarsu tana aikatau a gidajen mutane, renon ƙanne kuwa a wuyansa yake, jariri a hannu ɗaya, littafi a ɗayan. Ba ya samun sararin riƙe alƙalami sai yaran sun yi barci. Da ya tasa ya shiga aikin ƙarfi da hidimar gidan abinci, daren ne dai ya rage masa. Da ya yi suna kuma, rana ta zama ta 'yan jarida da taron lacca da masu neman taimako. Har ya rasu a 1987 bai sake lokacin aikinsa ba.

Kayan aikin ba su da yawa: alƙalami, da doguwar takarda rawaya mai layi irin ta lauyoyin Amurka, da keken rubutu, sai taba da kwalbar wuski da ba sa nisa da teburin, waɗanda kuma suka ci jikinsa. Da hannu ya fi son rubutu, don ya ce hannu yana sa mutum ya gajarta jimla ya faɗi magana kai tsaye. Daga nan sai gyara, kuma a gyaran wahalar take. Ƙagaggen labarinsa na farko ya ci kusan shekara goma, na uku ya haura goma. A gidansa na ƙarshe, a ƙauyen Saint-Paul-de-Vence da ke kudancin Faransa, ɗakin azaba yake kiran ɗakin da yake rubutu.

Duniya ta fi saninsa da maƙalolinsa kan halin baƙar fata a Amurka, musamman The Fire Next Time na 1963. Amma akwai ɗaya rabin aikin nasa, wanda ya fi jawo masa asara: labaran da a cikinsu namiji yake son namiji. Na san yadda wannan magana take sauka a kunnen Bahaushe. Hukuncin addini a kanta sananne ne, a Musulunci da kuma a cocin da Baldwin ya tashi a ciki, shi ma kuwa ya san hukuncin tun yana yaro, ya fi yawancin masu zaginsa saninsa. Ba fatawa na zo bayarwa ba. Sana'ar ce ta dame ni: yaya mutum yake zama gaban takarda ya rubuta rayuwar da jama'arsa suka yanke cewa ba a ambatonta, kuma ya ƙi yin ƙarya, ko don ya faranta wa masu ƙi, ko don ya faranta wa masu so?

A kan mumbari ya fara koyo. Mijin uwarsa, David Baldwin, wanda ya riƙe shi a matsayin uba, mai wa'azi ne mai zafin hali, ya kuma sha gaya wa yaron cewa mummuna ne. Yana shekara goma sha huɗu, daidai lokacin da ya fara jin abin da ke motsi a zuciyarsa yana tsorata da shi, James ya faɗa coci, ya zama yaro mai wa'azi, ya yi shekara uku yana tayar da jama'a tsaye. Ya sauka daga mumbarin yana sha bakwai, amma muryar ta bi shi: maimaita kalma har ta yi nauyi, da doguwar jimla mai hawa tana hawa kafin ta dire a kan kalma ɗaya. Ya kuma fito da wani ilmi da ya fi salon amfani, wato sanin yadda mutum yake iya tsara magana mai daɗi a gaban jama'a alhali gudun kansa yake yi. Kusan duk manyan mutanen labaransa wannan ciwon ne yake damunsu.

Kowace sana'a da ubangidanta, shi kuwa biyu ya yi. Na farko mai zane ne, Beauford Delaney, wanda ya fara zuwa wurinsa tun yana ɗan sakandare. Wata rana suna tsaye a bakin titi suna jiran a ba su hannu, Delaney ya nuna masa ruwan da ya kwanta a gefen hanya, ya ce ya duba. Ya duba, ya ga ruwa. Ya ce ya sake dubawa. Sai ya ga mai yana yawo a saman ruwan, ya ga birnin a cikinsa. Baldwin ya ce a nan aka koya masa gani. Na biyun shi ne Richard Wright, marubucin Native Son, wanda ya karanta shafukansa na farko ya taimaka masa ya sami tallafin kuɗi. A 1949 yaron ya juya ya soki littafin ubangidan nasa a wata maƙala, zumuncinsu bai sake komawa daidai ba. Hujjarsa ita ce, labarin da aka rubuta don ƙorafi kawai yana mayar da mutum tambari: wannan baƙi ne, wancan azzalumi ne, a nemi mutumin da ke ciki a rasa. Ina ganin ya tsananta wa Wright. Sai dai ƙa'idar da ya kafa a nan ita ce ta tsare shi daga baya, lokacin da ya zo rubuta mutanen da kowa ya riga ya buga musu tambari.

Mutuwa ce ta kore shi daga Amurka. A 1946 abokinsa Eugene Worth, wanda yake ƙauna bai kuma iya gaya masa ba, ya faɗa kogi daga gadar George Washington. Baldwin ya tabbata in ya zauna, ko dai ya bi shi, ko ya kashe wani, ko a kashe shi. A Nuwamban 1948 ya sauka a Paris da dala arba'in a aljihu, ba ya jin Faransanci. Ya zauna a otal-otal masu arha da sanyi, yana hawa benen gidan gahawa na Café de Flore ya yi rubutu don akwai ɗumi, yana rayuwa da bashi da ɗan abin da mujallun New York suke biyansa. Amma Faransa ta cire luwaɗi daga jerin laifuffuka tun 1791, alhali a Amurka a lokacin babu jihar da ba ta hukunta shi. A Paris ya haɗu da Lucien Happersberger, ɗan Suwizalan, wanda ya ƙaunata fiye da kowa. Lucien ne ya kai shi gidan danginsu a ƙauyen Loèche-les-Bains a kan duwatsu, inda mutanen ba su taɓa ganin baƙin mutum ba. Da keken rubutu da fayafayen Bessie Smith guda biyu ya hau dutsen. Muryar mawaƙiyar ta dawo masa da yadda mutanen gidansu suke magana, ya kammala Go Tell It on the Mountain. Kamfanin Knopf ya buga shi a 1953, aka yaba, aka zauna jiran wani labarin Harlem.

Abin da ya kawo musu shi ne Giovanni's Room, wato ɗakin Giovanni, babu baƙin mutum ko ɗaya a ciki. David, Ba'amurke farar fata, yana tsaye a bakin taga a wani gida a kudancin Faransa. Dare ne, da asuba za a fille kan Giovanni a Paris, cikin wannan dare guda kuma yake ba da labarin. Budurwarsa Hella ta tafi Sifaniya don ta yi shawara da zuciyarta kan aurensa; a bayanta ya haɗu da Giovanni, ɗan Italiya mai zuba giya a mashayar wani mai suna Guillaume, ya tare a ɗakinsa. Da Hella ta dawo, David ya sulale. Giovanni ya rasa aiki, ya lalace, ya kashe Guillaume, aka kama shi. Hella ta gano gaskiya ta koma Amurka. Baldwin ya ce tushen labarin wani saurayi Bafaranshe ne da suka taɓa zama da shi a mashaya, bayan 'yan kwanaki aka kama shi, daga baya aka fille masa kai. Ga Lucien ya sadaukar da littafin, Lucien kuwa a lokacin ya riga ya yi aure.

Knopf ya ƙi karɓa. An gaya masa cewa shi marubucin baƙar fata ne, yana da masu karatunsa, wannan littafi zai kore su ya kashe masa kasuwa, don amfaninsa ake ƙi. Ya sha faɗa cewa har shawara aka ba shi ya ƙone rubutun. Ya ɗauke shi ya tsallaka Landan, kamfanin Michael Joseph ya karɓa, sannan Dial Press na New York ya buga shi a 1956.

Masu ba shi shawarar sun san kasuwarsu. A 1928 wata kotu a Landan ta yanke cewa The Well of Loneliness na Radclyffe Hall batsa ne, ta ba da umarnin a lalata shi, alhali babu fagen batsa a cikinsa. E. M. Forster ya rubuta Maurice tsakanin 1913 da 1914, ya dage sai masoyan biyu, dukansu maza, sun tsira tare a ƙarshe, ya kuma san wannan ƙarshen ne zai hana littafin fita, don da ya rataye ɗayansu da an yarda. Ya ajiye shi yana gyarawa yana nuna wa amintattu, sai a 1971 ya fito, shekara ɗaya bayan mutuwarsa. Daga 1924 Forster bai sake fitar da dogon ƙagaggen labari ba, ya kuwa rayu shekara arba'in da shida bayan nan. A duk tarihin wannan sana'a babu abin da yake ba ni tausayi kamar wannan shirun, na gwani da ya ajiye kayan aiki yana da sauran ƙarfinsa, don abin da yake son rubutawa ba ya fita, abin da yake fita kuma ya gundure shi.

A ƙasan kasuwar kuma akwai littattafai masu arha na tashar jirgi da kantin magani, su dokarsu a fili take. Marijane Meaker, wadda ta rubuta Spring Fire a 1952 da sunan aro, Vin Packer, ta ba da labarin yadda editanta ya gaya mata cewa ba za a yi kyakkyawan ƙarshe ba, domin ta gidan waya ake aika littattafan, in jami'ai suka ga an yi wa abin ado za su kama kayan gaba ɗaya. Dole ɗaya daga cikin 'yan matan biyu masu son juna ta haukace, ɗayar ta gane ashe ba ta taɓa sonta ba. Wadda ta karya dokar a wannan shekara ita ce Patricia Highsmith. Tana aikin wucin gadi a sashen kayan wasan yara na kantin Bloomingdale's a ƙarshen 1948 wata mata ta zo sayen 'yar tsana. Da ta koma gida a daren ta tsara labarin gaba ɗaya cikin awa biyu, zazzaɓin ƙarambau yana shirin kwantar da ita. Kamfaninta ya ƙi littafin, ya fito a wani wurin da sunan The Price of Salt, marubuciya Claire Morgan. Bugun mai arha ya sayu kusan miliyan ɗaya, wasiƙu suka yi ta zuwa, da yawansu godiya suke yi da ba a kashe kowa ba. Highsmith ba ta sa sunanta a kansa ba sai 1990. Baldwin kuwa da ainihin sunansa ya fito, ga shi baƙi, ɗan shekara talatin da biyu, ba gado ba albashi.

Wani zai ce ai shi ma ya bi dokar, tunda an fille kan Giovanni. To, a nan gwanintar take. A waɗancan littattafai mutuwa hukunci ce a kan soyayyar. A wannan kuwa wanda ake tuhuma shi ne wanda ya tsira. Baldwin ya miƙa bakin labarin ga David, mai laifin, saurayi mai tsabta da ladabi da iya magana, wanda ya yi wa mahaifinsa ƙarya, ya yi wa Hella, ya yi wa Giovanni, ya kwana da wata yarinyar da bai damu da ita ba don kawai ya tabbatar wa kansa cewa shi namiji ne. Mai karatu yana zaune a cikin kan David, yana jin uzurinsa ɗaya bayan ɗaya, yana kuma gane ƙarya ne tun kafin mai uzurin ya gane. Aiki ne mai wuya ka sa mutum ya tona kansa da bakinsa, kai marubuci ka kame naka. Baldwin ya ce littafin yana magana ne a kan abin da ke samun wanda tsoro ya hana shi son kowa. Na yarda da shi, shi ya sa ma Hella take ba ni tausayi kamar Giovanni. An mayar da ita magani, an nemi aurenta don a ɓuya a bayanta. Duk inda aka ce da saurayi ya yi aure abin zai wuce, akwai wata Hella da ba a yi shawara da ita ba.

Ɗakin kansa darasi ne ga mai koyon rubutu, kuma hannun Delaney a bayyane yake a cikinsa. Ɗakin 'yar aiki ne a ƙasan wani gini a gefen birni. Giovanni ya shafe gilashin tagar da farin abu don kada masu wucewa su leƙo. Kwalaye da akwatuna sun taru, ga kayan wanki, ga giyar da ta zube ta bushe a ƙasa, ga wani dankali da ya yamushe. A bango akwai tsohuwar takardar ado mai hoton mace da namiji na zamanin da suna yawo cikin furanni, shi kuma Giovanni yana ta fasa bango wai zai yi wurin ajiye littattafai, aikin da bai ƙare ba. Kafin David ya buɗe baki ya yi bayani, kayan ɗakin sun riga sun gaya maka cewa ɗaya gida yake ƙoƙarin ginawa, ɗayan kuma ƙofa yake nema. Wanda ya buɗe littafin don neman batsa zai rufe shi da haushi, don kusan komai a bayan ƙofa yake faruwa.

Da gangan ya cire baƙar fata daga labarin. Ya ce a lokacin ba zai iya ɗaukar batun launin fata da batun jinsi a littafi ɗaya ba, babu wurin duka biyun. Littafin kuma ba ya rasa aibi. Yadda David yake kwatanta tsofaffin mazan mashayar da samarin da ke kwaikwayon mata cike yake da ƙyama, kuma ba kullum zan iya rantsuwa cewa ƙyamar ta David ce shi kaɗai ba. Wani lokaci kuma mutanen sukan zuba dogon jawabi irin na mumbari a inda mai ciwon zuciya na gaske zai yi shiru.

Kayan nan biyu ya haɗa su a Another Country. Ya fara shi tun 1948, ya yi ta jansa daga New York zuwa Paris zuwa tsibirin Corsica, labarin ya ƙi tafiya. Sai daga baya Rufus ya shigo, baƙi makaɗin ganga wanda ya faɗa daga gadar George Washington kamar Eugene, da shigowarsa kuma sauran mutanen suka sami dalilin motsi. A 1961 Baldwin ya isa Santambul a gajiye, wurin abokinsa ɗan wasan kwaikwayo Engin Cezzar, da rubutun a akwati. A can ya kammala shi ran 10 ga Disamba, a cikin kicin, ana tsakiyar liyafa. Ya fito a 1962, ya yi kasuwa ƙwarai, Ostareliya ta hana shigar da shi. Akwai shafukan da za a iya zubarwa ba a yi asara ba, amma kashin farko, na kwanakin Rufus na ƙarshe a titunan New York, yana cikin mafi ƙarfin abin da ya taɓa rubutawa.

Abin da ya biya bai tsaya a kamfanonin ɗab'i ba. A Mayun 1963 mujallar Time ta sa hotonsa a bango, amma a gangamin Washington na watan Agusta, inda Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa, ba a ba Baldwin lasifika ba. Wasu sun ce zafin bakinsa aka ji tsoro, wasu sun ce rayuwarsa. Hukumar FBI ta tara masa fayil mai shafi 1,884. Wanda ya fi ciwo daga gida ya fito: Eldridge Cleaver na ƙungiyar Black Panther, a littafinsa Soul on Ice na 1968, ya zarge shi da ƙin baƙar fata 'yan uwansa, ya ɗora laifin a kan son maza da yake yi. Baldwin bai rama da zagi ba, bai kuma janye ko littafi ɗaya ba.

A dogon labarinsa na ƙarshe, Just Above My Head na 1979, ya dawo da maganar gida gaba ɗaya, cikin iyali, cikin coci, cikin Harlem. Arthur Montana mawaƙin bishara ne, ya mutu yana shekara talatin da tara a banɗakin wata mashaya a Landan. Mai ba da labarin wansa ne, Hall, magidanci mai mata da 'ya'ya biyu, wanda ya sani tun da daɗewa, bai kuma juya wa ƙanensa baya ba. Masu sharhi sun ce littafin ya yi tsawo, sun kuwa yi gaskiya. Amma akwai fagen da ɗan Hall ya tambayi ubansa ko abin da yara suke faɗa game da baffansa gaskiya ne, uban ya amsa masa bai ƙaryata ba, bai kuma zubar da mutuncin mamacin ba. Shekara ashirin da uku ne tsakanin David da Hall, kuma a ganina wannan sauyin bakin labari, daga wanda ya gudu zuwa ɗan'uwan da ya tsaya, shi ne babban abin da Baldwin ya koya a sana'ar.

Akwai masu wannan aiki a cikin 'yan Najeriya, yanayinsu kuma ya fi kama da na Baldwin na 1956 fiye da na marubutan Amurka na yau. Jude Dibia ya fitar da Walking with Shadows a 2005, labarin wani magidanci a Legas da abokin aikinsa ya tona masa asiri ga matarsa. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, ɗaurin shekara goma sha huɗu ga masu auren, goma ga masu kafa ƙungiya ko nuna alaƙar a fili, ban da abin da ke cikin dokokin shari'a na jihohin Arewa goma sha biyu. Bayan dokar Dibia ya bar ƙasar, birnin Malmö na Suwidin ya karɓe shi a matsayin marubuci baƙo. Arinze Ifeakandu, wanda aka haifa a Kano a 1995, ya fitar da gajerun labarai tara a 2022 da sunan God's Children Are Little Broken Things, wasunsu a Kano suke faruwa. A Amurka aka fara buga shi, ya ci kyautar Dylan Thomas a 2023. A Under the Udala Trees na Chinelo Okparanta, na 2015, yaƙin basasa ne ya haɗa Ijeoma, 'yar Ibo da aka kai aikatau, da Amina, marainiya Bahaushiya. Da aka kama su, uwar Ijeoma ta zaunar da ita karatun Baibul aya bayan aya, marubuciyar kuma ta ba wannan karatu shafuka masu yawa, ba ta mayar da uwar muguwa ba. Uwa ce mai tsoron 'yarta ta shiga wuta, kuma ita ce dai ta karɓe ta lokacin da aurenta ya mutu ta dawo da goyo.

Da Hausa kuwa, in maganar ta shigo littafi, yawanci a makarantar kwana ta 'yan mata ce ko a gidan wata hajiya mai kuɗi, ƙarshen kuma sananne ne tun daga shafin farko: cuta, ko hauka, ko tuba. Dokar editan Meaker ke nan, ga kuma hukumar tace finafinai da ɗab'i a Kano, ga tsoron bakin jama'a wanda ya fi hukumar ƙarfi. Abin da nake rasawa a irin waɗannan littattafai shi ne mutanen da ke kewaye: wan da ya sani ya yi shiru shekara da shekaru, uwar da ta ji a bakin maƙwabta, matar da aka aura don a rufe bakin dangi, ta yi ta zargin kanta ba ta san laifinta ba. Waɗannan suna nan a unguwanninmu, suna salla tare da mu, kuma marubuci zai iya ba da labarin ta bakin kowannensu ba tare da ya taɓa hukuncin addini ba.